Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɗora Rawar Bale ta Zamani a kan Kiɗa

Wasiƙun da suka zo mana daga Legas a wannan karon kusan duk a kan rawar bale suke, wato rawar Turawan nan ta dandamali da ake kira ballet, musamman irin ta zamani da yadda ake tsara ta a kan kiɗa. Mun miƙa su ga masu koyar da rawar da masu tsara ta, ga abin da suka ce.

TAMBAYA: Na ga bidiyon yaron nan da ke juyi cikin ruwan sama a Ajangbadi. Daga baya na ga wata rawa a YouTube, aka ce ita ma bale ce, amma babu farin siket, babu labari, har birgima suke yi a ƙasa. Wacce ce ta ainihi? Daga wani ɗalibi, Obalende.

AMSA: Duka biyun bale ne, ɗan'uwa, zamani ne ya raba su. Abin da yaron, Anthony Madu, ya yi a bidiyon nan na 2020, yana ɗalibi a Leap of Dance Academy ta Daniel Ajala, takun tsohuwar makaranta ne: baya a miƙe, ƙafafu a buɗe waje tun daga ƙugu, nauyin jiki tsaye cak a kan ƙafar da ke ƙasa. A Faransa wannan tsari ya kafu, inda Sarki Louis na 14 ya buɗe cibiyar rawa a 1661, aka kuma tsayar da tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau su ake fara koya wa yaro. Ya kai ƙololuwa a Rasha a ƙarshen ƙarni na 19, a hannun mai tsara rawa Marius Petipa da kiɗan Tchaikovsky.

A farkon ƙarni na 20 wasu suka yi masa tawaye. Isadora Duncan ta tuɓe takalmi. Martha Graham a Amurka ta gina dabararta a kan numfashi, a tsuke ciki a fitar da iska, sannan a saki. Tasu rawar ƙasa take so da nauyin jiki, alhali bale sama take hari. Inda hanyoyin biyu suka haɗu, nan ne bale ta zamani. George Balanchine ya cire labari da ado: a rawarsa Agon ta 1957 'yan rawarsa da kayan atisaye baƙi da fari kawai suka fito, a kan kiɗan Stravinsky. William Forsythe kuwa, a aikin da ya yi wa gidan Opera na Paris a 1987 da kiɗan lantarki na Thom Willems, ture ɗan rawa ya yi daga tsakiyarsa, ƙugu ya fita gefe, jiki ya karkata har ka ce faɗuwa zai yi. In kana son ganewa, dubi ƙafa. In ka ga miƙewar tafin ƙafa da buɗewar ƙugu irin na mai horon bale, amma ƙirji da baya suna lanƙwasa yadda suka ga dama, to ita ce.

TAMBAYA: Ni malama ce a wata makarantar firamare a Agege. An ɗora mini shirya rawa ta minti uku da 'yan mata takwas don bikin ƙarshen zango, saura mako shida. Suna da ɗan horon bale. Na zaɓi kiɗa, amma duk takun da na ƙirƙiro sai in ga bai zauna a kansa ba. Ta ina ake farawa?

AMSA: Malama, da takarda da biro ake farawa. Abin da ya sa takunki bai zauna ba shi ne kin ƙirƙire shi kafin ki san tsawon wurin da zai zauna. Ki ajiye yaran tukuna, ki zauna da kiɗan ke kaɗai.

Da farko ki auna saurinsa. Ki riƙa tafa hannu a kan bugun, ki ƙirga tafi nawa ne a daƙiƙa 15, ki ninka sau huɗu. In kin samu 24, bugu 96 ke nan a minti. 'Yan rawa takwas-takwas suke ƙirga bugu, kuma a wannan saurin kowace takwas daƙiƙa 5 ce daidai, don haka minti uku takwas 36 ne. Da a ce bugu 120 ne a minti, takwas ɗaya daƙiƙa 4 ce, sai ki samu 45. Wannan lambar ita ce filin da kike da shi.

Sai ki sake kunnawa, kina jan layi ɗaya a takarda duk takwas ɗaya, kina tsallaka zuwa sabon jeri duk inda kiɗan ya sauya fuska. Wataƙila ki samu buɗewa 4, baiti 8, amshi 8, wurin da kiɗan ya lafa 4, amshi ya dawo 8, rufewa 4. A gefen kowane layi ki rubuta abin da kunne ya ji: nan ganga ta shigo, nan murya ta ɗaga, nan komai ya ɗauke. Ki kula da gaɓar da ba ta cika takwas ba. Mawaƙa sukan saƙa bugu huɗu ko biyu kafin amshi, kuma in ba ki gano shi a takarda ba, daga wurin har ƙarshe yaranki za su riƙa fara taku a kan biyar suna zaton ɗaya ce. Yawancin rawar makaranta da ke wargajewa a tsakiya, wannan ne dalili.

Yanzu taku. Kada ki ƙirƙiri takwas 36 daban-daban, yara ba za su riƙe ba, mai kallo ma ba abin da zai tuna. Ki gina uwar taku guda ɗaya mai takwas biyu, wato daƙiƙa 10. Misalin takwas ta farko: ɗaya da biyu, a lanƙwasa gwiwa, dunduniya a ƙasa, uku da huɗu, ƙafar dama ta goga ƙasa ta miƙe gefe, hannun hagu ya zagayo ta saman kai, biyar da shida, rabin juyi a kan ƙafar hagu, bakwai, ƙirji ya faɗo gaba a saki wuya, takwas, a tsaya a haka. Takwas ta biyu ta ɗauke su daga wurin zuwa wani wuri, da gudu ko zamiya ko tsalle. In wannan ta zauna a jikinsu, sauran rawar juya ta ne kawai. A yi ta ana fuskantar baya. A fara ta da hagu. A yi ta a zaune, da hannu da ƙirji kawai. A yi ta da rabin sauri, abin da ke cin bugu biyu ya ci huɗu, wanda shi ya dace da wurin da kiɗan ya lafa. In amshi ya dawo a dawo da ita yadda take tun farko, kowa tare, don idon mai kallo ya ga abin da kunnensa ya riga ya gane.

Akwai kuma bi-da-bi, wanda da yara takwas yana ba da sha'awa ƙwarai. Ki raba su biyu-biyu, rukuni huɗu, kowane rukuni ya fara bugu biyu bayan na gabansa. Amma ki yi lissafi: rukunin ƙarshe zai gama ne bugu shida bayan na farko. Me na farkon za su yi a bugu shidan nan? In ba ki ba su aiki ba, tsayawa za su yi suna waige-waige suna gyaran riga. Ki ba su tsayuwa takamaimai, har da inda ido zai kalla.

Wani abin da ke kayar da masu farawa shi ne tsalle a kan kiɗa mai sanyi. Yarinya ba za ta wuce kusan rabin daƙiƙa a iska ba ko da me aka kunna mata, alhali bugu ɗaya a saurin 96 ya haura rabin daƙiƙa. Sai ta sauko kafin bugun, ta tsaya jira, tsallen ya fito da nauyi. Ko dai ki sa ƙananan tsalle biyu a bugu ɗaya, ko ki bar babban tsalle ɗaya wanda shirinsa zai cinye lokacin. Kuma ki yanke hukunci tun wuri, a kan ɗaya ake tashi ko a kan ɗaya ake sauka. In tashin ne a kan ɗaya, lanƙwasa gwiwar shiri a kan takwas take. Rabin yara sukan ɗauka haka, rabi su ɗauka akasin haka, malama kuma ta yi ta faɗa tana cewa ba sa ji.

Mu a ganinmu babban aibin rawar da aka ɗora a kan kiɗa shi ne a bi kowane bugu da motsi, ganga ta ce tim hannu ya ce tim, daga farko har ƙarshe. Minti ɗaya ya isa mai kallo ya gaji. Jiki yana iya bin ganga a baiti, ya koma bin muryar mawaƙi a amshi, a wani wurin kuma ya yi tsit alhali kiɗa na ta zuba. Ki bar takwas ɗaya cur da babu mai motsi, kafin amshin ƙarshe, ki ga yadda zauren zai yi shiru. Mai tsara rawa Merce Cunningham da mai tsara kiɗa John Cage sun kai abin har inda ake shirya rawa daban, kiɗa daban, sai a dandamali su haɗu, amma wannan sai ƙwararrun da ke riƙe lokaci a jikinsu. Ba na 'yan firamare ba ne.

Mako shida, atisaye biyu a mako, zama 12 ke nan. Ki gama koyar da komai a zama na takwas, huɗun ƙarshe a yi ta maimaitawa daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ke kuma ki daina ƙirga musu da baki. Yaran da suka saba da muryar malama, ranar biki ba kiɗan za su saurara ba, ke za su nema. Ki je ki auna dandamalin da ƙafarki ko da awo, ki zana girmansa da alli a inda kuke atisaye, ki sa alama a tsakiya. Kowace yarinya tana buƙatar kusan mita biyu tsakaninta da ta gefenta, don haka jeri biyu na huɗu-huɗu mita takwas yake ci. In dandamalin mita shida ne, ki jera su uku, biyu, uku.

In za ki rage tsawon kiɗan, da manhaja irin Audacity, ki yanke a ƙarshen takwas, kuma ki nemi ƙarshe mai bugu ɗaya tak. Kiɗan da ke dusashewa a hankali yakan bar yara ba su san lokacin da za su tsaya ba. Ranar biki kuma a sa ƙaramar sifika ɗaya tana fuskantar yaran. Su manyan sifikun, jama'a suke fuskanta, abin da ke isa kunnen 'yan rawa amsa-kuwwa ce daga bangon baya. A zaure mai tsawon mita 30, sautin da ya je ya dawo ya yi tafiyar mita 60, ya makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, fiye da rubu'in bugunku. A sauke kiɗan a waya tun a gida, a rufe layin kira, a haɗa da waya maimakon Bluetooth, a kuma tanadi sifika mai batir saboda ɗaukewar wuta.

TAMBAYA: Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a Idi-Araba. Ina so a yi bale ta zamani a kan kalangu maimakon fiyano. Zai yiwu, ko shirme zai zama?

AMSA: Zai yiwu, Malam, kuma ba ku ne farau ba wajen ɗora irin wannan rawa a kan kiɗan gida. Alvin Ailey ya gina rawarsa Revelations ta 1960 a kan waƙoƙin ibada na baƙaƙen fatar Amurka. Marigayiya Dada Masilo ta Afirka ta Kudu ta sake ɗinka tsohuwar balen nan Swan Lake a 2010 da takun ƙasarta. A nan Legas ma, ka leƙa ayyukan Qudus Onikeku na QDance Center ka ga yadda ake sa makaɗa da 'yan rawa a dandamali ɗaya, ko da yake shi ba bale yake yi ba.

Matsala ta farko ƙirge ce. Da yawa daga kiɗan gargajiyarmu ba a kan takwas yake tafiya ba, a kan shida ne ko goma sha biyu, kuma shidan nan kunne yana iya jin ta uku-uku sau biyu ko biyu-biyu sau uku. Wanda ya tilasta mata takwas zai ga taku yana zamewa, ya dawo daidai, ya sake zamewa. Ku ƙirga shida. Daga nan abin ya zama riba: ƙafa ta taka biyu, hannu ya zana uku a lokaci guda. A koya su daban-daban, ƙafa kaɗai, hannu kaɗai, sannan a haɗa a hankali.

Ta biyu, kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana bin hawa da saukar kalmomi, don haka tsawon jimlarsa tsawon take ne ko kirarin da yake faɗa, yau gajere gobe dogo. Ba a ɗora ƙirgen rukuni a kan wannan. A ɗora shi a kan abin da ba ya sauyawa, kuntuku ko ƙwarya, rukuni ya bi shi, a bar babban kalangu ya yi zance da ɗan rawa ɗaya wanda aka ba 'yancin amsa masa. Nan ne ma abin zai fi daɗin kallo.

Ta uku ita ce al'adar makaɗin kansa. Wanda ya saba da gidan biki, in ya ga wani babba ya shigo zai juya zuwa takensa, in aka fara liƙi zai ƙara tsawo, in jama'a suka yi shewa zai ƙara wuta. A biki wannan gwaninta ce, a tsararriyar rawa kuwa rushewa ce. Ku zauna da shi cikin girmamawa ku daidaita: zagaye nawa kowane sashe, wane bugu ne alamar sauyi, wane ne na tsayawa. Ku ɗauki sautinsa a waya don atisayen yau da kullum, amma a biya shi ya zo aƙalla atisaye uku na ƙarshe, domin hannun mutum ba ya maimaita sauri daidai da na'ura. A hana liƙi sai an gama. Sannan a riƙa tunawa kalangu ƙasa yake jan jiki. A rage tsayuwa kan yatsu, a yawaita lanƙwasa gwiwa mai zurfi, zamiya da juyi a kan tafin ƙafa, a bar miƙewar bale ta riƙa fitowa jefi-jefi.

TAMBAYA: 'Yata shekararta tara, tana zuwa koyon bale ranar Asabar. Tana kukan ciwon ƙwauri, ga shi an ce in saya mata takalmin nan na tsayuwa kan yatsu. Daga wata uwa, Mile 12.

AMSA: Hajiya, kada ku saya. Yawancin makarantun kirki ba sa ɗora yarinya kan yatsu kafin shekara 11 ko 12, shi ma bayan horon shekara biyu zuwa uku na fiye da sau ɗaya a mako, domin ƙasusuwan ƙafarta ba su gama ƙwari ba. Ɗaya daga gwajin da ake yi: ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗaga dunduniya ta sauke sau 15 zuwa 20 ba tare da gwiwa ta lanƙwashe ko idon sawu ya karkace ba. Bale ta zamani ma ba dole sai da wannan takalmin ba, ana yin ta da takalmin yadi mai laushi ko ƙafa ba takalmi. Safa a kan tayil ce kawai ba mu yarda da ita ba, santsi ne da faɗuwa.

Ciwon ƙwaurin kuwa, ku je ku dubi daɓen da suke tsalle a kai. In siminti ne ko tayil, ga dalilin nan. Daɓe mai tauri ba ya shanye nauyin sauka, ƙwauri da gwiwa ne ke shanyewa. Ledar da ake shimfiɗawa a kai santsi take hanawa, ba ta rage tauri. Abin da ake buƙata daɓen katako ne mai ɗan lotsawa, kuma kafinta zai iya haɗa shi: faifan filawud mai ƙafa 8 da 4, kauri milimita 12, hawa biyu, a saɓa mahaɗarsu kada ta sama ta faɗo kan ta ƙasa, a manna gutsattsarin soso mai tauri, kowane kamar santimita 5, a ƙarƙashi, tazarar kusan santimita 30. Sosan katifa ba ya yi, lotsewa yake yi gaba ɗaya. Kafin a samu wannan, a rage tsalle, a tabbata dunduniya tana taɓa ƙasa a kowace sauka, gwiwa kuma tana lanƙwasawa saitin yatsu. In ciwon wuri ɗaya ne a kan ƙashi, yana zafi in an danna, ko yana damunta ko tana hutawa, ta dakata da rawa a kai ta wurin likitan ƙashi.

Ga waɗanda suka isa sa takalmin: kansa yadi ne da takarda da gam aka jera, kuma laimar Legas da gumi suna narkar da gam ɗin. Kada a bar shi a jaka ko a leda. A cusa masa takarda, a rataye shi inda iska ke bi ya yi yini da kwana. Mai hali ya sayi biyu a riƙa musanyawa.

TAMBAYA: 'Yata tana so, ni kuma kayan da suke sawa ne ban aminta da su ba. Daga wani uba, Alaba Rago.

AMSA: Alhaji, hukuncin addini na malamai ne, mu ɓangaren sana'ar za mu faɗa muku. Abin da mai koyarwa ke buƙatar gani shi ne saitin gwiwa da idon sawu da miƙewar baya, don ya hana rauni. Dogon wando mai laushi da ya tsuke a idon sawu, da riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, sun wadatar. Ɗankwali ko ƙaramin hijabi irin na 'yan wasanni, wanda ba ya buƙatar allura, yana zama daram a juyi. Dogon hijabi ne ke naɗe hannu, siket mai jan ƙasa kuma yana harɗe ƙafa, don haka a tsayar da shi a saman idon sawu. A bale ta zamani mai tsarawa ne ke zaɓar tufafi, kuma yadi mai faɗi yana ƙara wa juyi kyau, sai dai a yi atisaye da shi tun da wuri domin yana rage sauri. Ɗaga mace da namiji ke yi ba wajibi ba ne, ana tsara rawa ta mata zalla da malama mace. Ku tambayi makarantar kafin ku biya kuɗi.

TAMBAYA: Mun sa bidiyon rawarmu a Facebook, sai aka ɗauke sautin. Alhali mai kiɗan ya mutu tun tuni.

AMSA: Haƙƙi biyu ne a kan kowane faifai. Akwai na wanda ya tsara kiɗan, wanda a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 yake kai wa shekara 70 bayan mutuwarsa, akwai kuma na waɗanda suka ɗauki sautin, shekara 50 daga fitowarsa. Tchaikovsky ya mutu a 1893, kiɗansa na kowa ne, amma faifan da wata ƙungiyar makaɗa ta ɗauka shekara goma da suka wuce nata ne, kuma shi na'urar Facebook ta gane. Stravinsky kuwa a 1971 ya mutu, nasa da saura. Mafita ita ce ku nemi mai fiyano, ana samunsu cikin ɗaliban makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, ya kaɗa muku tsohon kiɗan ku ɗauka da kanku, a kan saurin da ya dace da 'yan rawarku. Ku rubuta yarjejeniya da shi, ko da shafi ɗaya ce, cewa ya amince a yi amfani da sautin a dandamali da intanet, a sa hannu kafin a fara ɗauka.